Gyaran Ƙahon Hedley

Tanunda,
Fabrairu, 1996

Zuwa ga Yaya Elva,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Ron da jikoki. Yaya ƙugun naki? Kin ce likita ya hana ki hawa matakala, ni kuwa na san ki, na tabbata kina can bisa tsani kina goge tagogi. Ki ji tsoron Allah ki zauna wuri ɗaya.

Mu nan zafi ya sa mu gaba. An fara tsinkar inabi. Gonarmu kuwa tun da muka ba da ita haya, sai dai in leƙa ta taga in ga yadda ake mata aikin ganin dama, in yi ta faɗa ni kaɗai.

Kin tambaye ni jikin Hedley, kin ce kada in ɓoye miki. To, jiki kam garau yake, yana cin abinci kamar mai aikin gona. Kan ne ke tafiya. Mantuwar ta wuce ta makulli da tabarau. Da safe in na kawo masa karin kumallo sai ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah." Shekara hamsin da ɗoriya ina wanke wa mutumin nan safa, yau na zama baiwar Allah. Ranar farko na shiga banɗaki na yi kukana. Yanzu amsawa nake yi.

Amma akwai abin da ban gaya miki ba, don ina tsoron in na faɗa ya gudu. Kullum da la'asar yakan ɗauko ƙahonsa ya zauna a barandar baya. Kin san shi, tsohon ƙahon tagullan nan mai bututu a nannaɗe, wanda mahaifinsa Baba Gottlieb ya zo da shi daga Jamus, shi kuma yake busa shi cikin 'yan badujalar garin nan tun yana yaro. Mutumin da bai san ko yau wace rana ba ce, da zarar ya cusa hannun dama cikin faffaɗan bakin ƙahon, ya ɗora yatsun hagu a kan bawul ukun nan da ake dannawa a sauya sauti, babu waƙar cocin da ke kuɓuce masa. In ya gama, ya zazzage yawu, sai ya shigo kicin ya ce, "Glen, shayin nan sai an je kotu za a ba ni?" Daga nan har faɗuwar rana mijina ne. Ya san ni, ya san ki, yana tambaya ko Ron ya daina ƙarya a kan girman kifin da yake kamawa. Har faɗa muke yi, Yaya, faɗa na sosai, a kan gishirin miya. Ɗan lokacin nan nake jira tun wayewar gari. Likita ya ce yakan ga irin haka, bai san dalili ba, kuma kada in sa rai abin zai ɗore.

Makon jiya ƙahon ya zame masa daga cinya ya faɗi a kan siminti. Gefe ya lotsa, wani haɗi ya ɓalle, iska na zurarewa. Clarrie, abokinsa mai busa ƙaton ƙahon nan na layin baya, ya kwatanta mini wani mai gyara a Adelaide, Stavros Kallis, mutumin Girka. Na tuƙa da kaina har can ina zagin duk babbar motar da ta wuce ni. Mutumin kirki ne, mai sanyin magana, shagonsa sai warin dalma da man goge ƙarfe. Na ce masa duk abin da ya ga ba daidai ba ya gyara, kada ya tambaye ni, ni ban san komai game da shi ba sai share masa ƙura. Ya ce in dawo bayan 'yan kwanaki.

Na gaya wa Hedley ƙaho ya tafi asibiti. Ya yi dariya ya ce to a kai masa lemo.

Ki gaishe da Ron, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Glenys

Tanunda,
Maris, 1996

Yaya Elva,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na ga wasiƙarki da hotunan jikoki, na gode. Ƙaramar nan hancin Mama ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Na karɓo ƙahon, amma ban san ta inda zan fara ba ki labari ba. Da na shiga shagon ban gane shi ba, yana ta walƙiya. Stavros ya share mini kujera, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Uwargida, wa ya yi wa ƙahon nan wannan aika-aika?"

Ya zare wasu guntayen bututu guda uku daga jikin ƙahon, masu lanƙwasa kamar gwiwa, ya jera su a tebur. Ya ce kowane bawul da gwiwarsa. In an danna bawul, iska takan bi ta cikin gwiwar ta ƙara tafiya, murya ta sauka. Ta tsakiya ita ce 'yar ƙarama, ta farko ta ninka ta, ta uku ta fi su duka tsawo, kuma wanda ya ƙera ƙahon ya auna kowacce daidai da tsawon bututun gaba ɗaya. Amma tsofaffin da ya tarar a jiki, wani ya taɓa yanke su da zarto, ya rage musu tsawo iri ɗaya duka ukun.

Dariya ta kama ni, don na san labarin, ke ma kin sha jin sa a teburin Kirsimeti. Lokacin da Baba Gottlieb ya iso garin nan ya tarar 'yan badujala suna busa da murya sama da ta ƙahonsa. Sai ya shiga rumfar kayan aiki, ya ɗauki zarton da yake yanka bututun ban ruwa, ya rage babban bututun, sa'an nan ya auna da babban yatsa ya datse wa kowace gwiwa daidai wa daida, wai don kada wata ta ce an cuce ta. Gidan su Hedley da alfahari suke ba da labarin nan. Stavros ya dafe kai. Ya ce haka ɗin kamar a rage tsawon wandon uba da na jinjiri da awo ɗaya ne. Ƙaramar gwiwar ta fi kowacce cutuwa. Daga baya da 'yan badujala suka sauko da murya, an ƙara wa babban bututun tsawo, gwiwoyin kuma aka bar su a guntule. Ya ce, "Duk sautin da aka danna wa bawul a ƙahon nan sama yake fita, kowanne da irin karkatarsa. Wanda ya busa shi daidai ba ƙaramar wahala ya sha ba." Ya cire tsofaffin, ya ƙera sababbi da tsohuwar tagulla irin ta zamaninsa, ya mayar da su tsawonsu na asali. Ya ce yanzu maigida zai huta. Na yi masa godiya har da riƙe hannu.

Da la'asar na miƙa wa Hedley. Ya jujjuya shi, ya ce an yi masa wanka. Ya zauna, ni kuma na koma kicin na ɗora buta. Sautin farko ya fito tas. Da ya fara danna bawul sai na ji waƙar ta gurɗe, tana faɗawa ƙasa kamar mai tafiya ya taka rami. Ni da ko a coci ba a so in ɗaga murya, na ji. Ya tsaya, ya sake. Ya zare gwiwoyin ya leƙa ciki, ya tura su har ƙarshe, ya sake busawa. Haka ya yi ta yi har rana ta faɗi, ruwan butar ya ƙone. Da ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, wani ya musanya mini ƙaho."

Na buga wa Stavros waya washegari. Ya ce in ba shi lokaci, hannu ne bai saba ba, cikin wata guda zai manta da tsohon. Na ajiye wayar ban gamsu ba, don shi bai san da wa yake magana ba. Ban gaya masa ciwon Hedley ba, Yaya. Kin san mu, ba ma kai irin wannan magana shagon mutane. Mutumin da ba ya iya riƙe sunan sabon fasto daga ƙofar coci zuwa mota, me zai koya cikin wata guda?

Kullum yana gwadawa, kullum ina ɗora buta. Bai ƙara kiran sunana ba.

Ki sa mu cikin addu'a. A gaida Ron.

Taki,
Glenys

Tanunda,
Afrilu, 1996

Yaya Elva,

Barkanku da Ista, da fatan kun yi biki lafiya. Na ji daɗi da kika ce ƙugun ya yi sauƙi. Shawararki ta in sayo masa wani ƙahon na gani, kuma na san da zuciya ɗaya kika faɗa, amma ki karanta wannan tukuna.

Kamar kowace shekara, 'yan badujala sun busa a coci ranar Ista. Na so in ɓoye Hedley a gida, Clarrie ya ce sam, wai in ya ji 'yan'uwansa a gefe bakinsa zai dawo hanya. Na sa masa jar rigarsu, na taje masa kai. Waƙar farko ma ba a kai rabi ba kowa ya ji busarsa ta gurɗe. Na ga na kusa da shi suna ƙara ƙarfi don su rufe shi, Clarrie har jijiyar wuya ta tashi. Babu wanda ya juya, kin dai san mutanenmu. Da aka tashi mata suka yi ta cusa mini kek a jaka suna yaba hulata. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

A mota ya rungume akwatin ƙahon a cinya har muka wuce maƙabarta. Sa'an nan ya ce, da muryarsa ta da, "Glen, ba ƙahon ba ne. Ni ne. Kunnena yana ji, bakina ya ƙi bi. Na ƙare." Wata guda ina roƙon Allah in ji Hedley ya kira sunana, ga yadda ya kira shi. Na tsayar da mota na rantse masa cewa gyara aka yi, tsawon bututu aka sauya, laifina ne. Ya shafa mini hannu ya ce in bari, ya san ina so in rufa masa asiri ne. Muna isa gida ya tura akwatin ƙarƙashin gado.

Ranar Talata na bar shi wurin matar Clarrie na nufi Adelaide da masifa cike da bakina. Na shiga shagon na zazzage wa Stavros ita tas, har da abin da bai yi ba. A cikin faɗan ne maganar ciwon ta kuɓuce mini, da ta la'asar, da ta shayi. Bawan Allah ya nemi kujera ya zauna. Ya kalli hannuwansa ya ce, "Da kin gaya mini, uwargida, da ko goge shi ban yi ba."

Shi ya fahimtar da ni abin da ke faruwa. Ya ce shekara sittin da wani abu Hedley yana gyara karkatar ƙahon nan da jikinsa. Kafin ya danna bawul na tsakiya, hannunsa na dama ya riga ya ɗan toshe bakin ƙahon, leɓensa ya saki, don ya janyo sautin ƙasa. Na farko da irin nasa, na uku da irin nasa. Bai ma san yana yi ba. Yanzu ƙahon ya miƙe, jikin kuma yana nan yana janyowa, shi ya sa komai ke faɗawa ƙasa. Sabon ƙaho ma haka zai yi masa, kin ji amsar shawararki. A duniya ƙaho ɗaya ne Hedley ya iya, kuma ni na kai shi aka gyara.

Na ce to ya mayar da tsofaffin gwiwoyin. Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya riga ya zuba su cikin buhun tarkace, mai sayen tsohon ƙarfe ya kwashe tun ƙarshen wata. Bai kuma auna su ba, don wa ke auna kuskure ya ajiye? A gabana ya rufe shago muka je filin tarkacen. Ni da takalmin zuwa birni, shi da sanda, muna tona tulin famfo da tukwane da wayoyi. Mai wurin ya ce tagulla ba ta kwana, an narkar.

A hanyar dawowa ne ya ce akwai awo ɗaya da ya rage, kuma a jikin maigida yake. Yana da wata 'yar na'ura mai allura da ke nuna ko sauti ya hau ko ya sauka. In Hedley zai busa masa waƙa ɗaya a wannan miƙaƙƙen ƙahon, iyakar yadda kowane sauti ya faɗi ƙasa, iyakar abin da Baba Gottlieb ya yanke ke nan. Daga nan zai lissafa ya sake datse su. Na ce masa, wato ka lalata aikinka da hannunka. Ya ce i, in Allah ya sa ya iya lalata shi daidai.

Saura yadda za a yi Hedley ya busa. Ko kallon ƙarƙashin gadon ba ya yi. Da la'asar yakan zauna a baranda hannu a cinya, yatsun hagu suna motsi su kaɗai. Ni kuma in tsaya a kicin na rasa abin da zan yi da raina.

Ki rubuto, ko faɗa ne ki yi mini.

Ƙanwarki,
Glenys

Tanunda,
Mayu, 1996

Yaya Elva,

Ina gaisuwa, ina kuma gode wa Ron da zumar da ya aiko. Sanyi ya fara shigowa, ganyen inabi ya yi ja yana zuba. Ina fata ku can da sauƙi.

An yi awon. Clarrie ne ya san dabarar. Ya ce lallashi ba ya aiki a kan Hedley tun suna makaranta, sai tsokana. Ran Asabar Stavros ya zo da na'urarsa, na shigar da shi ta ƙofar baya na ɓoye shi a ɗakin ajiyar abinci, wanda tagarsa ke kallon baranda. Ƙaton mutum ya duƙa tsakanin kwalaben jam da buhun dankali, da fensir a kunne. Ni kuma na zaro akwatin na ajiye a bakin ƙofa kamar shara nake yi.

Clarrie ya iso da ƙaton ƙahonsa a kafaɗa, ya zauna kusa da Hedley ya yi ta busa wata waƙar jana'iza yana ɓata ta da gangan. Can ya ce, "Hedley, a gari ana cewa ka tsufa, wai ko kyandir ba ka iya hurewa." Hedley ya kalle shi sama da ƙasa. Ban tabbata ya san ko wane ne ba, amma ya ce, "Kai da ka ƙare rayuwarka kana busa randa, sauti biyu ka sani, su ma aro ka yi."

"To zo ka nuna mini, gwani."

"Ba na busa da masu kashe waƙa."

"Tsoro dai kake ji. Glenys, kawo masa bargo da madara, ya kwanta."

Sai ga Hedley ya miƙe ya ɗauko akwatin. Suka fara tare, a hankali. Sautin ya fito a gurɗe kamar kullum. Ina kallon bayansa ta taga, duk sanda ya danna bawul sai kafaɗarsa ta ɗan noƙe. Mu uku mun haɗa baki mun sa shi yana yin abin da ya fi tsana a duniya, yana jin kansa yana ɓata waƙa, don wani mutum a cikin dankali ya kalli allura. Bai kai ƙarshen baiti na biyu ba ya sauke ƙahon ya ajiye a ƙasa. Ya ce wa Clarrie, "Ka ci, malam. Gaskiya suka faɗa a garin." Clarrie ya shiga motarsa ya daɗe bai tayar ba.

Stavros ya fito da ƙura a gwiwar wando. Ya ce na tsakiya ya samu sosai, na farko ma ba laifi, amma na uku waƙar ba ta cika bi ta kansa ba, abin da ya kama kaɗan ne, sai ya haɗa da ƙiyasi. Ya tambaya ko za a iya sake gwadawa wata rana. Na ce ko da wuƙa a wuyana ba zan sake yi masa haka ba. Ya ce to zai tafi da ƙahon ya riƙa ragewa kaɗan kaɗan, don in ya zarce sai an sake sabuwa. Ya ƙi karɓar ko sisi, har na kusa sake yi masa masifa.

Ban san ko daidai na yi ba. Ko ba ya busa ƙahon, Hedley ya san yana ƙarƙashin gado, nakan ji shi yana tura ƙafa ya taɓa akwatin kafin ya kwanta. Yanzu wurin fayau. Na ce masa ƙaho ya koma asibiti. Wannan karon bai yi dariya ba, ya tambaye ni wane ƙaho.

Ki gaida kowa.

Glenys

Asibitin gari,
Yuni, 1996

Yaya,

Ki yi haƙuri da gajeren rubutu da munin hannu, a kan gwiwata nake yi. Ina fata kuna lafiya.

Hedley na kwance, sanyi ya kama masa huhu. Ya fita da sassafe cikin ruwan sama da rigar barci, ina wanka ban ji ba. Masu yankan reshen inabi ne suka same shi a rumfar kayan aikin Baba Gottlieb yana ɗaga buhuna. Sun tambaye shi me yake nema, ya ce shi ma bai sani ba, amma abu ne mai nauyi.

Zazzaɓin ya sauka jiya. Likita ya ce zai tashi, sai dai irin wannan kwanciya takan tafi da wani abu a kan, kuma ba ta cika mayarwa ba. Ba ya magana sai "na gode". Ma'aikatan jinya suna son sa, wai ba su taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Na ce su tambaye ni.

Stavros ya bugo, ya gama. Ya ce ya gwada da kansa, ƙahon ya karkace yadda ko shi ba ya iya busa shi, yana fata karkatar ce ta gaskiya. Ƙaho ya shirya, mai shi kuwa ko ruwa sai an riƙe masa kofi. Babu abin da zan iya sai zama a kujerar nan ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Kada ki taso, da ƙugun nan. Zan sanar da ke.

Glenys

Tanunda,
Yuli, 1996

Zuwa ga Yaya Elva,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Ron da yara duka. Na gode da katin da kuka aiko asibiti, na karanta masa, ya ce mutanen kirki ne, a gaishe su.

Mun dawo gida. Ya rame, wandunansa duk sai da na rage musu ƙugu. Stavros ya kawo ƙahon da kansa, amma ya ƙi shigowa, a bakin ƙofar shinge ya miƙo mini. Ya ma dusashe walƙiyar da wani ruwa don ya koma kalarsa ta da. Ya ce in na ga ba daidai ba in kira shi ko wane lokaci. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce ya tafi kafin ya sa ni abin kunya a titi.

Ban miƙa wa Hedley ba, ban ce masa komai ba. Na buɗe akwatin na ajiye a kan bencin baranda, kusa da inda nake zaunar da shi ya sha rana. Kwana da kwanaki yana zaune kusa da shi kamar baƙi biyu a tashar jirgi. Har na fara cewa a raina shi ke nan, mun makara.

Ranar Laraba da la'asar ina feraye dankali sai na ji ƙarar ƙarfe ya taɓa benci. Ban leƙa ba. Na ji ya hura iska a ciki ba sauti, na ji bawul suna motsi. Sa'an nan ya fara. Numfashin ba ƙarfi, yana yankewa a tsakiyar layi, amma Yaya, daidai yake. Kowane sauti ya zauna a wurinsa. Akwai guda ɗaya can ƙasa da ya ɗan yi rawa, ina jin na ukun nan ne da aka yi wa ƙiyasi, ya maimaita shi ya kama shi. Waƙar da aka yi mana ranar aure ya busa, da ta girbi, da wata ta rawa da ban ji ba tun muna 'yan mata. Na tsaya da wuƙa a hannu hawaye na zuba cikin kwanon dankali.

Da ya yi shiru na ji ya zazzage yawu. Na ɗora buta, na juya wa ƙofa baya yadda na saba, don kada ya ga ina jira. Na ji takunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa da ƙahon a hammata, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun rani. Ya yi gyaran murya ya ce, "Baiwar Allah, don Allah in roƙe ki wani abu. In kin ga matata, Glenys sunanta, ki ce mata ƙahon ya dawo. Ta damu ƙwarai, tana ganin laifinta ne. Ki ce mata na ce ba laifinta ba ne."

Na ce masa zan gaya mata.

Tun ranar kullum yana busawa, kullum daidai, kuma kullum sai ya shigo ya ba ni saƙon nan, don ya manta ya riga ya bayar. Jiya ya ƙara da cewa in na gan ta in ce ta dawo gida haka nan, yamma ta yi. Na rubuta wa Stavros na ce aikinsa ya yi, maigida yana busawa lafiya. Iyakar abin da na gaya masa ke nan.

Na ce miki kada ki taso. Na janye. In likita ya yarda, ki sa Ron ya saka ki a jirgi. Na gyara ɗakin baya. Ina so wani a gidan nan ya kira ni da sunana yana kallona.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys